Wanda gwamnati ba ta san sunansa ba, ta ina tallafi zai iske shi?

A watan Fabrairun 2024 gwamnatin Kamaru ta ɗaga kuɗin litar fetur daga Sefa 730 zuwa 840, shekara guda kacal bayan ta ɗaga shi daga 630, kuma kamar yadda aka saba ta haɗa sanarwar da matakan da ta ce za su rage wa jama'a raɗaɗi: an ƙara kashi 5 cikin ɗari a kan albashin ma'aikatan gwamnati, aka kuma ɗaga kuɗin iyali da ake biya a kan kowane yaro duk wata daga Sefa 2,800 zuwa 4,500. Ba na yi wa malamin makaranta ko ungozomar asibiti baƙin cikin wannan ƙari, domin duk wanda ya san abin da aka zabge musu a 1993, da abin da faɗuwar darajar Sefa ta ƙara cinyewa a 1994, ya san cewa tsohon bashi ne ake biyan su kaɗan-kaɗan. Abin da nake tambaya shi ne rabon sauran jama'a. A ƙasar da kusan tara cikin goma na masu neman abinci ba su da takardar albashi, mahauci da manomin albasa da mai babur na haya da matar da ke suyar ƙosai a bakin layi duk sun biya ƙarin kuɗin mota da na masara, balle mu nan Arewacin Kamaru da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi ta bayan fage daga Najeriya, ya riga ya yi tsada tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023, amma ko sisi bai dawo hannunsu ba daga wancan rage raɗaɗin.

Ra'ayina shi ne tallafin gwamnati ba ya isa ga talaka yadda zai dogara da shi sai abubuwa uku sun haɗu: gwamnati ta san shi da suna, doka ta ce abin nasa ne, sannan akwai inda zai kai kuka idan an hana shi. Tarihin ƙasashen da suka riga mu shiga wannan harka ya nuna cewa kuɗin tallafi da 'yancin ɗan ƙasa tafiya ɗaya suke yi, kuma duk inda aka raba su talaka ne ke zama a waje.

Tsarin da muke amfani da shi a yau ba a nan aka haife shi ba. A Jamus, shugaban gwamnati Bismarck ya kafa inshorar rashin lafiya ga ma'aikata a 1883, ta haɗarin aiki a 1884, da fanshon tsufa a 1889. Ba tausayi ne ya kai shi ba, domin shi ne dai ya sa aka yi dokar murƙushe 'yan gurguzu a 1878, kuma yana son ya raba ma'aikatan masana'antu da su. Dabarar ita ce a riƙa yankar wani abu daga albashin ma'aikaci, mai kamfani ya ƙara nasa, a tara domin ranar ciwo da ranar tsufa. Wannan dabara ta dace da ƙasar da masana'antu ke ƙaruwa kullum suna haɗiye mutanen karkara, kuma a kanta Faransa ta gina nata tsarin a 1945. Daga Faransa ne ya gangaro mana, bayan an sha fama.

Faman ya kamata matasanmu su san shi, domin kakanninsu ne suka sha shi. Kafin 1946, kwamandan Bature yana da ikon tsare mutum har kwana goma sha biyar ba tare da ya ga fuskar alƙali ba, a ƙarƙashin dokar da Faransawa suka keɓe wa mutanen da suke mulka kaɗai. Aikin dole kuwa shi ne ginshiƙin mulkin: an kwashi 'yan ƙabilar Sara daga kudancin Cadi zuwa aikin layin dogo na Kwango tsakanin 1921 da 1934, inda dubbai suka mutu, an tilasta wa manoman Cadi noman auduga tun ƙarshen shekarun 1920, a kudancin Kamaru ma layin dogo ya ci rayuka. Sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya girgiza Faransa, bayan Cadi a ƙarƙashin gwamna Félix Éboué ta zama yanki na farko a Afirka da ya bi Janar De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a watan Agustan 1940, Kamaru ta biyo baya washegari, sannan aka fara sassautawa. An soke waccan doka ta hukunci babu shari'a a farkon 1946, dokar da ɗan majalisa Houphouët-Boigny na Kodibuwa ya gabatar ta haramta aikin dole a watan Afrilun wannan shekara, ta ɗan majalisa Lamine Guèye na Senegal kuma ta ba mutanen yankunan Faransa irin su Cadi matsayin 'yan ƙasar Faransa a watan Mayu. Bayan haka ne, ba kafin haka ba, ƙungiyoyin ƙwadago suka sami bakin cewa tun da an ce mu ɗaya ne da ma'aikacin Faransa, to a ba mu abin da ake ba shi. Yajin aiki ya yi ta biyo yajin aiki, har aka yi dokar ƙwadago ta Disambar 1952, aka fara biyan kuɗin iyali a 1956. Asusun da aka buɗe a Kamaru a wannan shekara domin biyan kuɗin iyali shi ne ya rikiɗe ya zama CNPS, hukumar fansho da inshorar ma'aikata, a 1967.

Nasara ce babba, amma nasarar 'yan tsiraru ce. Bature ya yarda ya biya akawu da direban jirgin ƙasa da leburan tashar jirgin ruwa ta Duwala domin su ne ke iya tsayar masa da aiki, manomi da makiyayi da ɗan kasuwa kuwa ba a sa su a lissafi ba. Da aka sami 'yancin kai sai aka gaji ginin yadda yake, ana ta fatan wata rana kowa zai zama mai albashi. Ranar ba ta zo ba. A unguwarmu akwai dattawa biyu sa'o'in juna da ke zama a kan tabarma ɗaya bayan la'asar: ɗaya ya yi masinja a wani ofishi, yana da littafin fansho da yake ninkewa cikin leda, ɗayan kuwa ya yi shekarunsa duka yana fawa a kasuwa, ya biya kuɗin rumfa da na mayanka da haraji iri-iri har idonsa ya daina gani. Na farkon yana jiran ranar biya, na biyun yana jiran abin da ɗansa zai aiko daga Yawunde, in an yi ciniki. Gaskiya ne tun 2014 CNPS ta buɗe ƙofa ga wanda ba ya aikin albashi ya riƙa zuba kuɗi da kansa, amma wanda abincin gobe ma bai tabbata a gidansa ba da wuya ya ware na shekara ashirin masu zuwa.

Amurka ta taɓa shiga irin wannan hali, kuma labarinta ya fi kowanne fito da abin da nake nufi. Dokar fansho da tallafi da Shugaba Roosevelt ya sa wa hannu a 1935 ta cire leburorin gona da masu aikin gida daga cikin waɗanda za su amfana, alhali a waɗannan sana'o'i biyu ne kusan kashi biyu cikin uku na baƙaƙen fata masu aiki suke. Masana tarihi na jayayya har yau a kan ko wariya ce ta kawo haka ko wahalar karɓar kuɗi daga hannun masu gonaki, amma ga wanda aka bari a waje duk ɗaya ne. An gyara wannan ɓangare a 1950 da 1954. Sai dai a jihohin kudu, inda ma'aikatan gundumomi ke da ikon cewa wane ya cancanta wane bai cancanta ba, baƙar fata ya ci gaba da samun abin da aka ga dama, saboda ba shi da ƙuri'ar da zai hukunta kowa da ita. A jihar Misisipi, a 1964, waɗanda ke da rajistar zaɓe a cikin baƙaƙen fata ba su kai kashi 7 cikin ɗari ba. Bayan tattakin Selma da dokar 'yancin zaɓe ta 1965, adadin ya kusa kashi 60 cikin ɗari a 1967.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda dokokin biyu suka riƙe wa juna hannu. Dokar haƙƙin ɗan ƙasa ta 1964 ta ce duk hukumar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da ikon nuna wariya. A 1965 Shugaba Johnson ya sa hannu a dokar inshorar lafiya ta tsofaffi, kuma da za a fara biya a 1966 sai aka gaya wa asibitoci cewa duk wanda ke raba ɗakin fari da na baƙi ba zai ga ko dala ɗaya ba. Cikin watanni kaɗan dubban asibitoci suka cire allunan wariya da suka yi shekaru aru-aru a bango. Daga baya, a 1970, Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukuncin cewa ba a yanke wa mutum tallafin da yake karɓa sai an saurare shi tukuna. Daga wannan rana ma'aikacin ofis ya daina zama mai kyauta, ya koma mai biyan abin da doka ta ɗora masa.

Afirka ta Kudu ma haka: fanshon tsofaffi na 1928 bai haɗa da baƙar fata ba, da aka shigar da su a 1944 sai aka ba su kaso mafi ƙanƙanta, ba a daidaita kuɗin ba sai 1993, ana gab da zaɓen farko na kowa da kowa. Kundin tsarin mulkinsu na 1996 ya rubuta tallafi a cikin haƙƙoƙin ɗan ƙasa, a 1998 kuma aka fara biyan kuɗin kula da yara, wanda miliyoyin iyalai ke karɓa a yau. Mu ma muna da namu misalin a gida. Sojojin Cadi da Kamaru da suka bi kwamandan Faransa Leclerc daga Fort-Lamy, wato Injamena ta yau, suka ratsa hamada zuwa Kufra a 1941, Faransa ta daskarar da fanshonsu da wata doka ta ƙarshen 1959, suka yi ta karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba alhali abokan yaƙinsu Faransawa na samun ƙari kowace shekara. Abin da ya warware matsalar shi ne ƙarar da wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadou Diop, ya shigar, wadda babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta ba shi gaskiya a kanta a 2001, sai kuma hukuncin 2010 da ya tilasta daidaita kuɗin daga 2011. Mafi yawan masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya kafin nan. Duk da haka, dalilin da ya sa aka iya shigar da ƙarar shi ne kowane soja yana da lamba da suna a littafi.

A nan ne tamu matsalar take. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna cewa kusan kashi 62 cikin ɗari ne kawai na yaran Kamaru 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa, kuma jihohin Arewa na cikin waɗanda suka fi ja baya. A Cadi, binciken 2019 ya sami kusan yaro ɗaya cikin huɗu. Sannan jihohin da ba su da takarda su ne dai suka fi talauci: ƙididdigar 2014 ta nuna kashi 74 cikin ɗari na mutanen jihar Arewa Mai Nisa da kusan 68 na jihar Arewa suna cikin talauci, alhali na ƙasa baki ɗaya bai wuce 37.5 ba. Waɗanda suka fi bukatar gwamnati su ne waɗanda gwamnati ba ta da sunayensu.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da makarantar firamare a Garwa ko Marwa ko Mora ya san lokacin da abin ke fashewa, wato sa'ad da yaro ya kai ajin ƙarshe aka fara haɗa takardun jarrabawar kammala firamare ta CEP. Na ji wani shugaban makaranta yana ce wa wani uba, "Baba, yaron nan yana da ƙwaƙwalwa, amma in babu takardar haihuwa ba ni da ikon saka sunansa." Dattijon ya dubi yaron, ya dubi malamin, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ga shi tsaye a gabanka, wace shaida kuma ake nema cewa an haife shi?" An yi dariya, amma dariyar ba ta ba yaron takarda ba. Rajistar da aka yi cikin kwana 90 na farko kyauta ce a doka. Idan lokaci ya ja kuwa sai an bi ta kotu: a je wurin likita ya ƙiyasta shekarun yaro, a je ofishin magajin gari a karɓo shaidar cewa ba a taɓa rubuta shi ba, a nemo shaidu, a sayi tambura, a jira ranar zama, kuma kowane mataki da kuɗin motarsa da yinin da aka rasa a gona ko a kasuwa. Uban da ke da 'ya'ya shida a irin wannan hali sai ya zaɓi ɗaya ko biyu, kuma mun san cewa ba 'ya mace ake zaɓa ba. Yaron da bai yi jarrabawa ba shi ne saurayin da ba shi da katin ɗan ƙasa, shi ne ke saukowa daga mota a kowane shingen jandarma tsakanin Marwa da Kusuri, shi ne ba ya iya buɗe asusun banki ko yin rajistar zaɓe. Idan kuma Bahaushe ne mai suna irin na tsallaken iyaka, sai a ƙara masa da tambayar ko shi ɗan ƙasa ne ma, ko da kakansa a unguwar Hausare aka binne shi. Ga kuma dubban mutanen Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logon da Shari waɗanda suke da takardu a da, amma suka ƙone a harin Boko Haram ko ambaliya ta tafi da su.

Ana yawan ɗora laifin a kan iyaye, a ce jahilci ne da sakaci. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba zan wanke mu ba: mutumin da ya iya sayen ragon suna da goro da kayan barka bai kamata ya ce tafiya ofishin rajista ta gagare shi ba. Amma tsayawa a nan barin jaki ne ana dukan taiki. Kakanninmu sun koyi gudun littafin gwamnati ne a zamanin da rubuta suna ke nufin haraji da jangali da aikin dole da ɗaukar soja, kuma ba a taɓa nuna wa jikokinsu a aikace cewa littafin ya fara kawo alheri ba. Ga nisa, ga ƙananan cibiyoyin rajista na ƙauye da kan rasa littafin rubutu kansa, ga mata masu yawa da har yanzu a gida suke haihuwa. An kafa hukumar BUNEC domin gyara harkar rajista, ana kuma kai kotun tafi-da-gidanka makarantu lokaci-lokaci, amma muddin ana haifar yara fiye da yadda ake rubuta su, ramin ba zai cike ba.

Kada a ce ban ga abin da aka yi ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne tun 2011. Takardar lafiya ta mata masu ciki, wadda ake saya Sefa 6,000 ta ɗauki nauyin awo da haihuwa har da tiyata idan ta kama, daga jihohin Arewa uku aka fara ta, kuma duk wanda matarsa ta tsira da ita ba zai raina ta ba. A watan Afrilun 2023 an ƙaddamar da matakin farko na inshorar lafiya ta kowa da kowa. Shirin ba matalauta kuɗi a hannu, wanda aka gwada tun 2013 a Sulede-Ruwa da Ndop, yana ba iyali Sefa 360,000 cikin shekara biyu, ana biyan 20,000 duk wata biyu har sau goma, da 80,000 sau biyu domin a ja jari. Waɗannan abubuwa ne masu kyau. Damuwata ita ce mafi yawansu shiri ne mai farko da ƙarshe, da kuɗin Bankin Duniya ko na ƙasashen waje a ƙarƙashinsa. Ƙauyen da aka zaɓa ya ci, na kusa da shi ya sa ido, kuma matar da sunanta bai fito ba babu alƙalin da za ta je wurinsa ta ce an hana ta abin da doka ta ba ta, domin dokar ba ta ba ta ba.

Ƙasa da wannan kuma akwai rabon da muka fi sani, wanda ake kafa rumfuna da kujeru, a jibge buhunan shinkafa da jarkokin mai a gaban masu ɗaukar hoto, tsofaffi su yi ta zama a rana tun hantsi ana jiran babban baƙo. Kafin a miƙa buhu ɗaya sai an karanta takardar godiya da goyon baya, a ce wa mata su yi guɗa. Tsohuwar da ta karɓi mudu biyar za ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma," alhali da kuɗin harajin da ta biya a kan sabulu da sukari aka sayi shinkafar. Wanda ya saba karɓa da durƙuso ba ya iya tambayar me ya sa bana ba a kawo ba.

Sai dai rubuta doka kaɗai ma ba ya wadatarwa, kuma makwabtanmu na Cadi sun ga haka da idonsu. Kafin a fara tura man Doba ta bututun da ya ratsa ƙasarmu zuwa Kiribi a 2003, an yi doka a 1999 wadda ta ware kashi 10 cikin ɗari na kuɗin man domin 'ya'yan gobe, ta kuma ce mafi yawan sauran a zuba shi a lafiya da ilimi da raya karkara. Duniya ta yi ta yabo. A ƙarshen 2005 majalisa ta sauya dokar ta rushe asusun 'ya'yan gobe, Bankin Duniya ya dakatar da bashi a farkon 2006, a 2008 kuma ya tattara nasa ya fita daga yarjejeniyar. Dokar ta faɗi cikin sauƙi ne saboda mai gadinta baƙo ne, kuma babu wani talaka a Abeshe ko Mundu da ya taɓa riƙe wani abu a hannunsa duk wata wanda zai ji zafin rasa shi. A Birtaniya, inda aka buɗe asibitin gwamnati kyauta ga kowa a 1948, gwamnatoci masu ra'ayi daban-daban sun zo sun wuce babu wadda ta yi gigin rufe shi, saboda kowane mai ƙuri'a yana cin moriyarsa.

Za a ce babu kuɗi. Shugaban ƙasar Kamaru da bakinsa ya faɗa a jawabin ƙarshen 2023 cewa tallafin mai ya ci fiye da Sefa biliyan 1,000 a 2022, da kusan biliyan 640 a 2023, kuma kowa ya san mai manyan motoci ya fi mai keke shan wannan tallafi. Idan aka ce za a ba tsoho Sefa 10,000 a wata, kowane tsofaffi 100,000 za su ci biliyan 12 ne a shekara. Lesoto, wadda ba ta kama ƙafar Kamaru a arziki ba, ta fara biyan duk wanda ya kai shekara 70 tun 2004 daga aljihunta, Zanzibar ta bi sahu a 2016. Fa'idar irin wannan fansho ita ce ba ya bukatar kwamitin tantance talauci, inda son kai da siyasa ke shiga. Sharaɗinsa ɗaya ne, shekaru, kuma shekaru da takarda ake tabbatar da su.

Za a kuma ce mu Musulmi ne, muna da zakka da zumunci, ba ma bukatar tsarin Turawa. Zumunci ne ya riƙe mu har yau, ba na musu, amma idan fari ko ambaliya ko rikici ya faɗa wa gari guda, mai bayarwa da mai karɓa tare suke gudu. Kuma rubuta sunayen jama'a domin a ba su rabonsu daga baitulmali ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin Sayyidina Umar ne ya kafa diwani. Malaman tarihi sun ruwaito cewa da ya ji kukan wani jariri da uwarsa ke gaggawar yaye shi, saboda sai yayayye ake rubuta wa rabo, sai ya sauya hukuncin ya ce a rubuta wa kowane jariri tun daga haihuwa. Matar ba roƙo ta yi ba, ƙa'idar ce ta cutar da ɗanta, shugaba kuma ya gyara ƙa'idar. Amma batun cewa tallafi na sa lalaci, wanda ya ga matan da ke tashi tun asuba suna dakon ruwa da itace ba zai tsaya saurarensa ba.

Saboda haka abin da ya kamata mu nema a wurin 'yan majalisarmu bai da yawa. A yi yafiya ta gaba ɗaya, ta ƙayyadadden lokaci, wadda duk wanda ba shi da takardar haihuwa, yaro ko babba, zai same ta kyauta a garinsu da shaidar lawani ko jauro da limami, ba tare da zaryar kotu ba. A kai littafin rajista inda jama'a suke taruwa da kansu, domin babu jaririn da ake haifa a cikinmu ba a raɗa masa suna ran bakwai a gaban liman da mai unguwa ba, kuma babu abin da zai hana wannan zama ya zama mafarin sanarwar haihuwa idan an ba su takardar cikewa da ɗan abin hasafi. Sannan a ɗauki tallafi guda ɗaya, ko na tsofaffi ko na ƙananan yara, komai ƙanƙantarsa, a rubuta shi a doka da adadinsa da ranar biyansa da ofishin da za a kai ƙara, a sa shi cikin kasafin kuɗin ƙasa maimakon jiran masu ba da agaji. Gabatarwar kundin tsarin mulkin 1996 ta riga ta ce ƙasa za ta kare mata da matasa da tsofaffi da naƙasassu, kuma kundin da kansa ya ce gabatarwar ɓangare ce ta doka.

Kafin majalisa ta motsa kuwa, akwai wanda ke kusa da mu. A dokar Kamaru magajin gari shi ne jami'in rajistar haihuwa na gundumarsa, shi ke sa hannu a takardun, kuma shi ne ke zuwa ƙofar gidajenmu neman ƙuri'a. Idan ya zo, ƙungiyoyin unguwa da na iyayen yara da na 'yan kasuwa suna da ikon tambayarsa yara nawa aka haifa a gundumar bara, nawa ya rubuta, nawa ne a ajin ƙarshe na firamare ba su da takarda, kuma nawa ya ware a kasafin bana domin sayen littattafan rajista da biyan kuɗin kotun waɗanda lokaci ya wuce musu.